Shan Magani Daban, Sanin Magani Daban



Yau zan taɓo maganar da ba mu cika yi a tarukanmu ba, alhali da wuya a sami zangon Hausawa a nan kudu, daga Agege da Mile 12 har Sabon Ibadan da Fatakwal, wanda babu gidan da ta shafa. Maganar 'yan uwanmu ce masu ɗauke da ƙwayar HIV, wadda ke kai mutum ga ƙanjamau in an bar ta, da kuma yadda suka fahimci maganin da suke haɗiya kullum.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, maganin ya iso hannun mutanenmu amma bayaninsa bai iso ba yadda ya kamata, kuma wannan giɓin yana kwantar da mutanen da bai kamata su kwanta ba. Ina kuma ganin wani kaso na laifin yana wuyanmu, mu da muke zaune tare da su.

A gwada tambayar wanda ya shekara uku yana karɓar magani abubuwa huɗu. Mene ne sunan maganinka? Wane aiki yake yi a jikinka? Me zai faru idan ka ajiye shi wata ɗaya? Mene ne sakamakon gwajin jininka na ƙarshe? Da yawa iyakar abin da za su ce shi ne, ƙwayar nan ce ta cikin roba, an ce a sha ɗaya kullum. Ba rashin basira ya jawo haka ba. Mutumin da ke riƙe da lissafin tirelar albasa a kansa ba zai gaza riƙe sunan magani uku ba. Ba a zaunar da shi an yi masa bayani da harshen da yake ji ba ne, shi kuma kunya ta hana shi tambaya.

An daɗe ana wannan tafiya. A 1986 aka fara ba da rahoton cutar a Najeriya. A 2002 gwamnatin tarayya ta fara shirin raba magani, a 2006 ta mayar da shi kyauta, daga 2016 kuma aka koma ɗora mutum a kan magani da zarar gwaji ya nuna yana ɗauke da ita, ba sai an jira jiki ya yi rauni ba. Babban binciken da aka yi a faɗin ƙasa a 2018, wanda aka bayyana sakamakonsa a Maris 2019, ya nuna mutum kimanin miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ƙwayar, wato kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49. A arewa maso yamma adadin kashi 0.6 ne, a kudu maso kudu kashi 3.1. Kada ƙanƙantar adadin arewa ta ruɗe mu. Yankin ya fi ko'ina yawan jama'a, mu kuma a nan muke zaune, a nan muke aure, daga nan muke zuwa ganin gida.

To mene ne maganin? Yawancin manya a Najeriya yanzu ƙwaya ɗaya suke sha a rana, wadda ma'aikatan asibiti ke kira TLD. Magani uku ne aka haɗa a cikinta: tenofovir, lamivudine da dolutegravir. Ita ƙwayar HIV tana shiga cikin sojojin garkuwar jiki ne, waɗanda ake kira CD4, ta mayar da su wurin hayayyafarta, tana kashe su. Magani biyu na farko suna hana ta kwafar kanta, na ukun yana hana ta dasa kanta a cikin sabon soja. Idan ana sha kullum, cikin 'yan watanni yawanta a jini yakan faɗi ƙasa warwas, garkuwar jiki ta farfaɗo, mutum ya murmure ya koma sana'arsa.

Amma wadda ta riga ta dasa kanta tun kafin a fara magani tana nan kwance a wasu sassan jiki, kamar garwashi a ƙarƙashin toka. Maganin yana danne ta ne, ba ya fitar da ita. Da an daina sha, cikin makonni kaɗan sai ta taso. Wannan shi ne abu na farko da ya wajaba kowane mai shan magani ya sani, domin a nan aka fi faɗawa rami. Lokacin da mutum yake kwance babu mai roƙonsa ya sha magani. Sai ya miƙe, jiki ya yi kyau, fuska ta ciko, sannan zuciya ta fara raya masa cewa ai ya warke. Ƙarfin da yake ji kuwa aikin maganin ne.

Sha yau a bari gobe shi ma yana da nasa haɗarin. Idan maganin ya yi ƙaranci a jini, ƙwayar cutar tana samun damar hayayyafa a gabansa, a hankali ta sauya kama ta daina jin sa. Daga nan sai a mayar da mutum kan magani na layi na biyu, wanda ƙwayoyinsa suka fi yawa kuma yakan fi takura wa jiki. Na layi na uku kuwa ba kowane asibiti ke da shi ba. Gaskiya ne dolutegravir yana da ƙarfi, ƙwayar cutar ba ta saurin bijire masa, amma wannan ba lasisin sakaci ba ne. Wanda ya manta ya sha da zarar ya tuna, sai dai in lokacin na gaba ya matso, kuma ba a haɗa biyu don ramuwa. Miji da mata kuma ba sa raba roba ɗaya don ɗayansu yana jin kunyar zuwa asibiti. Rabin magani ga mutum biyu cutar da su biyun ne.

Sai abin da muke saya a kemis. Dolutegravir ba ya jituwa da farin ruwan nan na ƙwannafi da gyambon ciki, haka ƙwayoyin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi. Sinadaran da ke cikinsu suna kama shi tun a ciki su hana shi shiga jini. Ƙa'idar ita ce a sha TLD awa 2 kafin su, ko awa 6 bayansu. Mai juna biyu da aka ba ta maganin ƙarin jini a wurin awo ba za ta daina shi ba, amma ta faɗa wa ma'aikaciya abin da take sha don a tsara mata lokaci. Mutum zai iya shekara bai taɓa tsallake maganinsa ba, amma kullum yana kora shi da maganin olsa, gwaji ya zo ya nuna babu ci gaba, a yi ta zarginsa da ƙarya.

Tenofovir kuma ta ƙoda yake fita, shi ya sa ake duba ƙodar mai shan sa lokaci zuwa lokaci. Masu aikin ƙarfi a cikinmu, 'yan dako da 'yan acaɓa da masu tura ruwa, sun saba da haɗin ciwon jiki na kemis, wanda da wuya a rasa diclofenac ko ibuprofen a ciki. Yawan shan waɗannan yana wahalar da ƙoda ko ga wanda ba ya shan komai, balle mai shan tenofovir. Sannan tenofovir da lamivudine suna danne ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Wanda yake da cutukan biyu, idan ya ajiye magani kwatsam, hantarsa na iya tashi ta yi masa mummunar illa.

Misalin da ya fi nuna yadda ɓoyo ke cutarwa shi ne na tarin fuka. A cikin maganin tarin fuka akwai rifampicin, wanda ke sa jiki ya yi saurin fitar da dolutegravir. Don haka mai shan su tare ana ƙara masa wata ƙwayar dolutegravir ta miligiram 50, ya sha awa 12 bayan ta farkon. Idan mutum yana karɓar maganin HIV a wani asibiti, ya je wani daban don tari, ya ɓoye musu, babu wanda zai san yana buƙatar ƙarin. Haka wasu magungunan farfaɗiya suke rage masa ƙarfi, shi kuma yakan ƙara wa metformin na masu ciwon suga ƙarfi a jini. Duk likitan da zai rubuta maka magani yana buƙatar sanin abin da kake sha.

Akwai kuma ƙwayoyin da ake haɗa wa mutum da su, kamar Septrin don kariya daga wasu cutuka masu cin gajiyar raunin jiki, da isoniazid don rigakafin tarin fuka. Suna da amfani, amma ba su ne maganin HIV ba. Wanda bai bambance su ba yana iya riƙe ƙaramin ya yi wasa da babban. Illolin magani ma ya kamata a san su tun farko. Dolutegravir yakan sa wasu rashin barci ko ciwon kai, wasu kuma ƙiba. Tsohon haɗin mai efavirenz ya yi suna wajen sa jiri da munanan mafarkai. Sau da yawa maganin matsalar bai wuce a mayar da lokacin sha daga dare zuwa safe ba. Wanda ba a gaya masa ba kuwa sai ya ce magani bai karɓe shi ba, ya jefar.

Rayuwarmu ta zaman kudu tana da nata tarkon. Mu mutanen tafiya ne. Damina ta faɗi, ɗan ci-rani ya koma gona wata huɗu ko biyar. Sallah ta zo, an tafi gida. Direban babbar mota yakan yi makonni a hanya. Magani ya ƙare a ƙauye, mutum ya ce bari sai na koma Legas. Alhali asibitoci suna ba wanda jikinsa ya daidaita maganin wata 3 har zuwa 6 a lokaci ɗaya, kuma ana ba da takardar sauya asibiti ga wanda zai daɗe. Tambaya kawai ake buƙata kafin a hau mota. Wanda ya san sunan maganinsa, yana riƙe da katinsa, zai iya shiga asibitin gwamnati a Sakkwato ko Katsina ya yi bayanin kansa. Wanda ya kankare takardar jikin roba, ko ya juye ƙwayoyin a leda don kada a gane, ya jefar da shaidarsa, ya kuma bar maganin ga zafi da laima. Ɗan ƙunshin nan da ke cikin robar an sa shi ne don ya tsotse danshi.

Azumi ma bai kamata ya zama dalilin ajiye magani ba. Tunda sau ɗaya ake sha a rana, ana iya mayar da shi lokacin sahur ko bayan buɗa baki, a tsaya a kan lokacin har ƙarshen wata. A yi shawara da asibiti tun a Sha'aban. Wanda jikinsa bai yi ƙwari ba, malamanmu sun sha bayanin rangwamen da addini ya yi wa mara lafiya.

Sai masu cewa suna warkarwa. Har yau babu ganye ko jiƙo ko ƙwayar da aka tabbatar tana fitar da HIV daga jiki. A Janairun 2007 shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya shelanta cewa yana warkar da cutar da haɗin ganye, aka sa mutane suka ajiye maganin asibiti. Bayan saukarsa daga mulki, hukumar bin diddigin gaskiya ta ƙasar ta saurari shaidar yadda wasu daga cikinsu suka mutu. Idan shugaban ƙasa guda ya iya jefa mutane a wannan hali, ina ga mai lasifika a bakin tasha? Addu'a kuwa ba ta taɓa hana shan magani ba. A yi su tare.

Dabarar irin waɗannan mutane tana tafiya ne a kan rashin fahimtar gwaji ɗaya, wato gwajin yawan ƙwayar cuta a jini. Ana yin sa wata 6 bayan fara magani, a sake a wata 12, daga nan sau ɗaya a shekara. Idan adadin ya kai 1,000 ko ya haura a cikin mililita ɗaya na jini, akwai gyara, za a zauna da mutum a gano inda matsalar take. Idan ya yi ƙasa sosai, takarda takan nuna cewa ba a gano ta ba, ma'ana ta yi ƙarancin da na'ura ba ta iya ƙirga ta. Mutum yana shan maganin asibiti yana haɗawa da jiƙo, sakamako ya fito haka, mai jiƙo ya ce ka gani, na warkar da kai. Shi ke nan an ajiye magani, bayan wasu watanni a kawo shi ranga-ranga.

Abin takaici, wannan sakamakon shi ne albishir mafi girma da mai shan magani zai samu, in da an fassara masa shi daidai. Bincike a ƙasashe da dama ya tabbatar cewa wanda ke shan magani, adadin ƙwayar a jininsa ya tsaya ƙasa da 200, ba ya sa wa matarsa ko mijinta ta hanyar saduwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake jaddada haka a 2023. Uwar da ba ta shan magani, yiwuwar ta sa wa jaririnta tsakanin kashi 15 ne zuwa 45 cikin 100. Da magani yana sauka ƙasa da kashi 5. Ana ba jaririn ruwan magani na makonnin farko, a gwada shi a mako na 6. Wato mutum zai yi aure, ya haihu, ya ga jikokinsa. Wanda ya san haka yana da dalilin tashi da safe ya haɗiye ƙwayarsa. Wanda bai sani ba yana sha ne kamar mai jiran ranarsa.

Wani zai ce, me ya sa za a cika wa mara lafiya kai da sunaye? Likita ya sani, shi nasa ya bi umarni. Ina girmama wannan magana, domin bin umarnin likita shi ne tushe. Amma likita yana ganin mutum na 'yan mintuna ne bayan wata uku ko shida. Sauran kwanakin mutum shi kaɗai ne da robarsa, shi ne a gaban mai kemis, shi ne a ƙauye ranar da magani ya ƙare, shi ne mai jiƙo zai tara. Umarnin "sha ɗaya kullum" ba ya amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wanda ya san dalili shi ke iya yanke hukunci daidai ranar da babu wanda zai tambaya.

Me ya hana bayanin isowa? Na farko harshe. A asibitocin da muke zuwa a nan, da Turanci ake bayani, ko Yarbanci, ko Ibo, ko buroka. Dattijonmu zai yi ta gyaɗa kai don ladabi, ma'aikaciya ta ɗauka ya gane. Matan da ba su cika fita ba abin ya fi yi musu tsanani. Na biyu layi. Ma'aikaci ɗaya da mutane da yawa a gabansa ba shi da sararin maimaita magana. Na uku, wanda ya fi su duka, tsoron bakinmu. Mai ciwon suga zai ɗauki ɗansa ya yi masa tafinta. Mai HIV ba zai ɗauki kowa ba, domin ya san kafin la'asar maganar ta zaga zango. Zai tsallake asibitin kusa ya tafi mai nisa, ya karɓi robarsa a gurguje ya fita kafin wani ya gan shi. Tsegumin da muke yi a majalisa shi ne ya hana shi tsayawa ya yi tambaya.

Saboda haka gyaran ya rataya a kan kowa. Mai shan magani, ɗan uwa, haƙƙinka ne ka tambaya. Ranar da za ka koma asibiti ka nemi a faɗa maka sunan maganinka, ka rubuta shi ko da ajami ne. Ka tambayi adadin da gwajinka na ƙarshe ya nuna da ranar na gaba. Ka lissafa musu duk abin da kake sha, na kemis da na gargajiya. Ka faɗa musu in tafiya ta taso. In ba ka gane ba ka ce a maimaita, babu abin kunya a ciki. A asibitoci da yawa akwai ƙungiyoyin masu ɗauke da cutar da ke taimakon junansu, kuma suna da uwar ƙungiya ta ƙasa mai suna NEPWHAN.

Mu kuma a ƙungiyance akwai abin da ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A cikinmu akwai nas-nas da masu haɗa magani da ke jin Hausa. A gayyace su taron kowa da kowa su yi bayanin shan magani na dogon lokaci, a haɗa hawan jini da suga da tarin fuka da HIV a zama ɗaya, yadda babu wanda za a nuna da yatsa don ya halarta. A naɗi bayanin da murya a tura a zaurukan WhatsApp, mai buƙata ya saurara a ɗakinsa. Sarakunan Hausawa su nemi asibitocin da ke kusa da zangonni su tanadi ma'aikaci mai jin Hausa wanda aikinsa ya ɗaure shi da riƙe sirri, domin tafinta daga unguwa ba zai yi ba. Limamai su tuna mana nauyin tona asirin mara lafiya. A kuma sani cewa tun 2014 akwai dokar ƙasa da ta haramta nuna wa mai HIV wariya, har da korarsa daga aiki saboda ita.

Akwai wani dalilin gaggawa. Kaso mai yawa na maganin da ake rabawa a ƙasar nan da tallafin waje yake zuwa, musamman shirin PEPFAR da Amurka ta kafa a 2003. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take ba ƙasashen waje, hankalin masu karɓar magani ya tashi a ƙasashe da dama. A irin wannan yanayi jita-jita ke yawa, wani ya fara tsallake kwana don maganinsa ya daɗe, wani ya sayi abin da bai sani ba a kasuwa. Wanda ya fahimci maganinsa ya san tsallake kwana ba tattali ba ne, kuma ya san abin da zai nema da sunansa in an tura shi wani asibiti.

Ciwo ba ya tambayar hanyar da ya bi ya shigo gida. Akwai wadda ta same shi a ɗakin aurenta, akwai wanda aka haifa da shi, akwai wanda ya same shi ta ƙarin jini. Duk 'yan uwanmu ne, kuma da magani da sani za su rayu cikinmu har tsufa. Wanda ya karanta wannan ya tura wa wani ba tare da ya zaɓi wanda yake zargi ba. A tura wa kowa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Amin.

Sakataren ƙungiya